Zan kai Hajiya da iyali yawon jirgin ruwa a teku: me ya kamata in sani tun daga Katsina?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu ɗaukar mutane su yi kwanaki a teku suna tsayawa tsibiri-tsibiri. Niyyata, in Allah ya yarda, in tafi da mahaifiyata da maiɗakina da yaronmu ɗan shekara shida. Hajiya ta haura sittin, tana shan maganin hawan jini, gwiwarta kuma ba ta son doguwar tafiya a ƙasa. A cikinmu babu wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa.

Abin da nake son sani: daga wace ƙasa ya fi sauƙin hawa ga mai fasfon Najeriya, kuma wace takarda ake nema? Kuɗin tikitin nan ya ƙunshi komai da komai ne, ko akwai wanda zai biyo baya? Yaya batun abinci da alwala da sallah? Wanda ya fi damuna shi ne sauka tsibiri. Na ga jirgin yana sayar da nasa yawon da tsada, wasu kuma na cewa gara mutum ya sauka ya nemi direba da kansa. Wanne ya fi ga mai tafe da dattijuwa da yaro? Kuma da gaske ne idan mutum ya makara jirgin tafiyarsa yake yi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Eja:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka bisa wannan niyya da ka yi wa Hajiya. Fara da biza tun kafin ka kalli hoton kowane jirgi, domin ga mai fasfonmu biza ce ke zaɓa masa tekun da zai shiga.

Yawancin hotunan da ke yawo a intanet na tekun Karibiyan ne, jiragen kuma daga Miami ko Fort Lauderdale suke tashi, a jihar Florida ta Amurka. Jirgin zai bar Amurka, ya zaga Bahamas ko Jamaika ko Meziko, ya dawo. A wurin jami'an shige da fice, dawowar nan shiga ta biyu ce. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar baƙi da take ba 'yan Najeriya ta zama ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, daga baya ma ta ƙara tsaurarawa. Ni dai shawarata ka cire wannan hanya daga lissafi.

Hanyoyin da suka fi kusa da hannunmu biyu ne. Ta farko Durban, a Afirka ta Kudu. Kamfanin MSC yana ajiye jirgi a can daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da su suke zafi. Akwai gajerun tafiyoyi na kwana uku ko huɗu zuwa gaɓar Mozambik, kamar tsibirin da ake kira Portuguese Island a mashigin Maputo da kuma Pomene. Akwai doguwa mai kaiwa Morishus, wani lokacin har da Reyuniyon, wadda ake yin kwana uku zuwa huɗu ba a ga ƙasa ba kafin a isa. Ta biyu Jidda. Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya a Disamban 2024, yana zagaya Bahar Maliya lokacin sanyi, abincinsa halal ne kuma akwai wurin sallah a ciki. Ga dattijuwa mai hawan farko, ni gajeruwar tafiya zan zaɓa, a gwada tukuna.

Dokar da mutane ke tuntuɓe a kanta ita ce: kowace ƙasar da jirgin zai tsaya, ana iya neman bizarta a hannunka ko da ka ce ba za ka sauka ba. Ƙasar da ka hau kuma, tun da can za ka dawo, bizarta ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. Reyuniyon yankin Faransa ce amma ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizarta daban ce. Haka nan kada ka ɗauka bizar Umara za ta wadatar da jirgin Jidda. Ka tura wa kamfanin jerin tashoshin, ka ce fasfon Najeriya ne, su amsa maka a rubuce. Idan takarda ta gaza, a bakin ƙofa za a mayar da ku, kuɗin kuma ba a dawo da shi. Fasfo ya zama da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Katin allurar shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka riƙe takardar haihuwar yaron ma.

Batun kuɗi. Tikitin ya ƙunshi ɗaki, da abincin babban ɗakin cin abinci da na ɗiba-da-kanka, da ruwan famfo da shayi, da wasannin da ake nunawa. Lemon kwalba, ruwan gora, intanet, wanki, ganin likita, yawon tsibiri, duk waɗannan daban ne. Sai tukwicin ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane mutum kullum ba tare da an tambaye shi ba, tsakanin dala 10 zuwa 20 gwargwadon kamfani. In ka ɗauka dala 15 ne, ku uku manya a kwana bakwai dala 315 ke nan, ban da na yaro. A cikin jirgi ba a karɓar tsabar kuɗi a kanti. Katin da za a ba ka shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne kuma aljihunka. Ana haɗa shi da katin banki, su riƙe wani kaso a matsayin jingina, wanda kan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi. Katin naira yakan ƙi aiki a nan, saboda haka ka zo da katin asusun dala ko ka ajiye tsabar dala a teburin karɓar baƙi ranar farko. Inshorar tafiya kuma ka tabbata an rubuta cewa ta ƙunshi jirgin ruwa da ɗauko maras lafiya daga teku, ka kuma bayyana hawan jinin Hajiya a fom ɗin, don in ka ɓoye za su ƙi biya.

Ku isa garin da za ku hau da kwana ɗaya cif kafin ranar, biyu ma ya fi. Daga Katsina zuwa Kano a mota, daga Kano ta Addis Ababa ko ta Legas zuwa Johannesburg, sannan awa ɗaya da 'yan mintuna a sama zuwa Durban: gaɓa ɗaya ta kwance, jirgin ruwan ya tafi.

Hajiya 'Yar Daura:

Malam, Allah ya ba ka ladan biyayya. Abin da Alhaji ya faɗa daidai ne, ni zan shiga cikin jirgin da kai.

Zaɓen ɗaki shi ne rabin lafiyar Hajiya. Waɗannan jirage dogaye ne, manyansu sun haura mita 300, Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 kusan mita 365 ne da hawa 20. Idan ɗakinta yana can ƙarshen baya, ɗakin cin abinci kuma yana gaba, sau uku a rana za ta yi wannan tattaki. Nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta. Nan ne kuma jirgin ya fi rashin girgiza, domin gaba da baya su ke sama da ƙasa kamar lilo, tsakiya kuwa kusan a tsaye take. Jirgin yana da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗin hagu da dama, amma ba sa hana na gaba da baya. Ɗakin da ba taga ya fi araha, sai dai dare da rana ɗaya ne a cikinsa, mutum ba ya sanin asuba ta yi. Ga dattijuwa a samu mai taga ko baranda. In mai baranda ne, ƙofar ta kasance a kulle, kada a bar kujera kusa da shingen saboda yaro.

Jiri da tashin zuciya suna zuwa ne saboda kunne na jin motsi, ido kuma na ganin bango a tsaye. Maganin farko a fita waje a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, a sha iska, a ci abu busasshe kaɗan-kaɗan, kada a zauna da yunwa. Shayin citta yana taimakawa, ku tafi da busasshiyarta. Ƙwayar maganin jiri mai suna Stugeron ana shanta ne awa biyu kafin jirgi ya tashi, ba bayan amai ya fara ba, kuma tana sa barci. Akwai filastar da ake mannawa bayan kunne mai aikin kwana uku, amma ba a sa wa ƙaramin yaro ko mai ciwon ido na gilakoma, tana kuma ruɗa wasu tsofaffi. Likitan Hajiya ya duba kafin ku tashi. Maganin hawan jininta ya kasance cikin kwalinsa na asali, da ƙarin na mako guda, a jakar hannu. Manyan akwatuna ana karɓe su a tasha, ba sa isowa ɗaki sai bayan sa'o'i, wani lokacin sai dare. Idan kuma maiɗakinka na da juna biyu, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare.

Yanzu kayanmu na gida. Ku tafi da ƙaramar butar roba, domin yawancin banɗakunan ba su da abin tsarki. Masan jirgi da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, ba a jefa komai sai takardar da suka ajiye. Audugar mata ko tsumman goge yaro guda ɗaya ya isa ya toshe layin ɗakuna da yawa. Banɗakin ƙarami ne, a yi alwala a wurin wanka, a shimfiɗa tawul a ƙasa saboda santsi, musamman ga Hajiya. Turaren wuta kuwa, don Allah a bar shi a Katsina, da kaskonsa da na lantarkin duka. Babu abin da matuƙa ke tsoro kamar gobara, kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi. Humra da turaren fesawa babu laifi. Dutsen guga, hita, butar lantarki, da doguwar wayar soket mai kariyar wuta, duk ana ƙwace su a wurin bincike sai ranar sauka. Soket ɗin ɗaki na Amurka ne ko na Turai mai baki biyu, namu mai baki uku ba ya shiga, a sayi mahaɗi tun daga gida. Waya kuma a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, in ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan Adam na jirgin, kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Abinci: a jirgin da ba na Musulmi ba, ka rubuta buƙatar halal tun lokacin sayen tikiti, aƙalla wata ɗaya ko biyu kafin tafiya, sannan daren farko ka je wurin shugaban masu hidimar abinci ka tabbatar. Za su riƙa kawo muku takardar abincin gobe ku zaɓa tun yau. Abin lura ba naman alade da ake gani ƙuru-ƙuru ba ne, a'a, giyar da ake zubawa a miya da kayan zaƙi, da ɗanɗanon alade a cikin wake ko romo. Kifi da ƙwai da shinkafa da ganye kullum akwai. Yaji da garin kunu a rufaffen mazubi za su yi wa Hajiya amfani ƙwarai, ruwan zafi kuma ana samu a wurin shayi. Kilishi da dambun nama kuwa kwastan na ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shiga, kada a yi asararsu. A wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20 kafin kowane cin abinci. Cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage ba ta jin man goge hannu sosai, wanda ya kamu kuma a ɗaki ake killace shi kwana ɗaya ko biyu.

Gaskiya kuma sai an faɗa: a yawancin jiragen akwai mashaya da gidan caca, bakin wurin iyo kuma shigar mutane ba irin tamu ba ce. Ranar farko ka zaga kai kaɗai ka gane hanyar da iyali za su riƙa bi. Da sassafe saman jirgi babu kowa, lokacin Hajiya ke nan na shan iska.

Kafin jirgi ya tashi za a kira kowa atisayen ceto, dole ne, har yaro. An tsaurara wannan doka bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Alamar haɗari ita ce jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Wurin taruwarku yana rubuce a katinku da bayan ƙofar ɗaki. Ku taka da ƙafa ku je wurin ta matakala sau ɗaya, don lokacin haɗari ba a hawa lifta, ka kuma sanar da ma'aikata cewa Hajiya za ta buƙaci taimako su rubuta sunanta.

Na Bakin Teku:

Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe amsarta e ce. Jirgin yana tafiya ya bar mutum. Ba mugunta ba ce: an ba shi lokacin fita daga tasha, akwai matuƙin tashar da ke hawa ya fitar da shi, akwai wani jirgin na jiran gurbin, sannan gudunsa bai wuce kilomita 40 a awa ba, wato daga Katsina zuwa Kano sai ya ci fiye da awa huɗu. Awa ɗaya da ya ɓata da yamma da wuya ya rama ta kafin safiya.

Lokaci biyu ake rubutawa, na tashin jirgi da na komawar fasinja, mutane kuma na komawar suke mantawa. In an ce tashi ƙarfe 5, to komawar fasinja 4:30 ne, shi ne naka. Kuma da agogon jirgi ake aiki. Afirka ta Kudu tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da biyu, Morishus da uku, jirgi yakan matsa agogonsa da dare a hanya, wani lokacin kuma ba ya matsawa ya yi daidai da garin. Waya da kanta take canza lokaci idan ta kama layin gari, a nan ake yin ɓatan kai. Ɗaura agogon hannu, ka saita shi da wanda ke bakin ƙofar sauka, ka ɗauki hoton allon da aka rubuta lokacin komawa. A takardar shirin rana da ake kawowa ɗaki akwai lambar wakilin jirgin a wannan tasha, ita ma ka ɗauke ta. Wanda aka bari, wurin wakilin nan zai je, sau da yawa an bar masa fasfonsa a can, amma otal da tikitin cim ma jirgi daga aljihunsa ne. Mai fasfon Najeriya kuma ƙila ba shi da izinin kwana a ƙasar, ko na shiga ta gaba ta jirgin sama.

Shi ya sa a kan Hajiya da yaro na tsaya a kan yawon da jirgi ke sayarwa, duk da tsadarsa. Idan motarsu ta makara, jirgin zai jira ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. In an soke tashar, kuɗinka ya dawo. Kowane yawo an rubuta nauyinsa, mai sauƙi ko matsakaici ko mai wuya, da yawan tafiyar ƙasa da matakala. Karanta wannan kafin hoto. Neman direba da kanka yana da kyau ne inda gari yake dab da tasha. Misali Port Louis, babban birnin Morishus: Masallacin Jumma'a na garin, wanda aka gina tun shekarun 1850, da babbar kasuwa duk suna cikin gari, lambun itatuwa na Pamplemousses kuma bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Amma Chamarel, inda ƙasar nan mai launi bakwai take, tana can kudu maso yamma, fiye da awa ɗaya a hanya mai kwana-kwana, ga cunkoson yamma. Irin wannan da motar jirgi ake zuwa. In ka ɗauki tasi, ku yi ciniki a kan mota ɗaya, zuwa da dawowa, da wane kuɗi za a biya, kuma kada ka biya duka sai an dawo da ku. Fara da wuri mafi nisa ka riƙa matsowa, ka sa a ranka kana bakin jirgi awa ɗaya da rabi kafin lokaci. A Morishus da Afirka ta Kudu da Mozambik hagu ake tuƙi, a riƙe hannun yaro wajen tsallaka titi.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne ba kowace tasha jirgi ke matsawa bakin gaɓa ba. A wuri kamar Portuguese Island can nesa yake jefa anga, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Wurin tsallakawa daga babban zuwa ƙaramin, ƙaramin yana hawa da sauka da igiyar ruwa. Ma'aikata biyu ne ke kama hannun mutum, sai sun ce taka sannan a taka, hannu biyu kuma babu kaya. Hajiya ta sa takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba, ta tattare zaninta sama da idon sawu. In da safe ka ga ruwa na tashi, ku zauna, ranar ma jirgin ya fi daɗi don kowa ya fita. Jigila ta ƙarshe takan riga lokacin tashi da kusan awa ɗaya, layi kuma yana da tsawo a rana. Kyaftin na iya soke tashar gaba ɗaya saboda iska, musamman daga Janairu zuwa Maris da guguwar Tekun Indiya ta fi ƙarfi, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba shi wannan dama.

Sai ruwan kansa, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya iya iyo a dam ɗin Zobe ko Jibiya bai san teku ba tukuna. Akwai wata siririyar hanyar ruwa mai komawa ciki da gudu, takan zama wurin da ya fi kama da natsuwa, babu kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita yana nufo gaɓa, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya yi iyo a gicciye, gefe, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. A shiga kawai inda akwai masu ceto, jar tuta kuma tana nufin kada a shiga. Yaro da rigar ceto daidai jikinsa, kuma inda hannunka zai kai gare shi. Mata kada su shiga da zani ko dogon hijabi, yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka, a saya tun kafin tafiya. Takalmin roba na shiga ruwa yana kare ƙafa daga murjani da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. A wannan gaɓa akwai kuma wata mai shuɗin kumbo da dogon zare mai harbi, ko ta mutu a kan rairayi kada yaro ya taɓa. In ta yi harbi kada a murza, a wanke da ruwan teku, a cire zaren, a tsoma wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa minti 20.

Mun saba da rana, amma iskar teku tana ɓoye zafinta, gumi na bushewa mutum bai sani ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, don haka Hajiya ta riƙa kurɓar ruwa ba sai ta ji ƙishi ba, da lema a hannu. Gaɓar Mozambik akwai zazzaɓin cizon sauro, sauron zazzaɓin dengi kuma da rana yake cizo, a shafa maganin sauro kafin a sauka. Kada a fita da 'ya'yan itace ko abincin jirgi zuwa gari, kada kuma a kwaso murjani a dawo da shi.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai Alhaji, na gode Hajiya, na gode Yaya. Na fahimci gajeruwar tafiya da ɗakin tsakiya da yawon jirgi su suka dace da mu. Saura batun sallah: jirgi na juyawa, yaya ake gane alƙibla? Kuma za mu iya haɗa Azahar da La'asar ranar da muka sauka?

Almajirin Zaure:

Malam, gabas ɗin da muka saba a Katsina ka ajiye ta a gida. Daga Durban alƙibla arewa take da ɗan karkata gabas, daga Morishus arewa maso yamma, daga tashar Jidda kuwa gabas. Kamfas na waya yana ruɗewa a cikin ɗaki saboda jirgin duk ƙarfe ne. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa. Da ita za ka auna: idan jirgin ya nufi gabas, alƙibla kuma arewa, to tana hagunka in ka fuskanci gaban jirgi. A tsakiyar teku jirgi yakan yi sa'o'i a kan layi ɗaya, juyawa sai wajen shiga tasha da fita, don haka a guji tayar da sallah a wannan lokacin in akwai sarari. In ya juya kana ciki, ka juya zuwa alƙibla gwargwadon iko. Farilla a tsaye ake yi ga mai iyawa, a ɗan buɗe ƙafa. Wanda jiri ko girgiza ta hana, ko Hajiya da gwiwarta, ya zauna.

Ƙasaru ya halatta a teku kamar yadda ya halatta a tudu, matuƙar tafiyar ta kai mil 48, masu raka'a huɗu su koma biyu, kuma ba ya yankewa sai an yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Jam'i ne ke da magana: a mashahurin Malikiyya sauƙin haɗa salloli saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ba na cikin jirgin ruwa ba, wasu mazhabobin kuma sun halatta. Ka zauna da malaminku kafin tafiya ka faɗa masa yadda ranar sauka take, awa nawa a mota, awa nawa a gari. Lokutan sallah suna matsawa kullum da tafiyar jirgi, jadawalin gida ba zai yi ba. Manhajar da ke lissafi da wurin da kake tana aiki ko babu layi, amma sai ka fita sarari ta kama, ka kuma tabbata agogon wayar ya yi daidai da na jirgi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya tabbata a hadisi, saboda haka a tsibiri ƙaramar darduma da buta sun isa.

Hajiya 'Yar Daura:

Na manta abu ɗaya, Malam. Daren ƙarshe za a ce ku fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin ku kwanta, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha bayan kun sauka. Ku ware kayan da kowa zai sa da safe, da takalma, da maganin Hajiya, da fasfo da katin allura, su kwana tare da ku a ɗaki. A daren kuma ka karɓi takardar lissafin abin da kuka kashe ka duba layi-layi, in akwai kuskure a gyara shi a teburin karɓar baƙi tun kuna ciki.